An Ga Kujerar Mamman Tela

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Binciken Rikicin Zaɓe, mai zama a Filinge,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ina sanar da kai da ɗaukacin jama'ar Kurfai cewa an ga kujerarmu. Ta ƙarfe ce, shuɗiya, ƙafarta ɗaya ta baya ta fi sauran gajarta, don mai waldar da ya gyara ta ba ya awo. Ita ce kuka aje tsakiyar zaure, masu ba da shaida na zama a kai.

Na ɗaya. Kujerar ta yayana ce, Mamman tela. A kanta yake zaune ƙofar shagonsa ranar da samarin jam'iyya suka shigo unguwarmu da sanduna bayan an faɗi sakamako. Kwana uku ya yi gidan likita, ya cika. Da muka koma shagon, babu keken ɗinki, babu kujera.

Na biyu. Ranar Talata tsohon ɗan majalisarmu ya rantse gabanku cewa ranar rikicin yana Sanam wajen gaisuwar mutuwa, bai san samarin ba, kuma ko allura ba ta shiga gidansa ba cikin abin da aka kwasa. Ya iya magana, inda ta yi wuya kuma ya juya Faransanci. Ni ƙafar kujera nake kallo. Kafin ya jingina, bai ko dubi ƙasa ba, ya sa diddige ya tokare gajeriyar ƙafar. Wanda ya zauna a kanta bayan ya tashi kuwa saura kaɗan ta kada shi. Kujerar nan sai wanda ya daɗe da ita ke sanin halinta.

Na uku. Na tambayi mai sharar zaure inda aka samo kujerun. Ya ce wani babban mutum ya ba da aro don taimakon gaskiya. Ban matsa masa ba, yana da iyali. Ba na cewa kwamiti ya sani. Na dai lura kowane ɗan siyasa ya samu yini guda da ruwan sanyi, mu dangin mamata an ce mu rubuta suna mu jira, ga shi an ce jibi za ku tashi.

Don haka ina roƙo ku kira ni kafin ku rufe. A kifa kujerar gaban kowa: sunan Mamman na ƙarƙashinta da farin fenti, da hannuna na rubuta. A tambayi mai ba da aro inda ya same ta. Kuma don Allah kada a mai da masa ita kafin nan, fenti ba ya wuyar kankarewa.

Allah ya ba ka ikon tambayar abin da ba a so a tambaya, ya mai da kai gida lafiya.

Saura guda. Duk shekarun nan maƙwabcinmu Idi nake zargi da ɗauke kujerar, har ya rasu bara ba ma gaisawa. Na yi kuskure. Allah ya yafe mini.

Wassalam.

Hassan, tsohon malamin lakkwal (makarantar boko), Filinge