Kotu Ta Ba Ni Tsintsiya, Iyalina Sun Ɗauka Aiki Na Samu

Malama mai shawara, sallama da fatan kina lafiya.

Don Allah ki taimake ni, na ƙulla wa kaina wani abu da bakina, yanzu na rasa ta inda zan kwance shi. Ki yi haƙuri da rubutuna. Ni da makaranta mun rabu tun da wuri, ba faɗa ba gaba, ta gaji da ni na gaji da ita.

Ni mai gyaran fanka ne da dutsen guga. Shagona da ɗakinmu a gini ɗaya suke, shago a gaba, ɗaki a baya. Da aka tashi faɗaɗa titi aka shafa wa ginin jan fenti, daga baya katafila ta zo ta yi aikinta. Mai gida ya karɓi diyya, mu 'yan haya muka karɓi haƙuri. Na kwashe uwar yara da 'ya'yanmu uku na kai su gidan yayanta, mai sayar da kayan gini. Mutumin kirki ne, ba zan ci hakkinsa ba, sai dai tun ranar da na auri ƙanwarsa yake kallona kamar buhun simintin da ruwa ya taɓa. Ya ce akwai ɗan ɗakin ajiya kusa da ƙofa, in kawar da gwangwanayen fenti in shimfiɗa tabarma. Ni kuma da baki ba ya hutawa, na ce na gode, ina tsoron in tashi da safe launi biyu, kuma ai wani abokina ya ba ni wuri a shagonsa. Aka yi dariya, har da shi. Malama, babu aboki, babu shago.

Barandar wasu shaguna ce a bayan tashar mota ta zama ɗakina. Buhun kayan aikina shi ne matashin kai, filaya na sukar wannan kunne, sukundireba na sukar wancan. Da rana in bi unguwanni ina neman fankar da ta daina juyawa, da yamma in leƙa yara da 'yar ledata a hannu, in ba su labarin katifar abokina mai laushi. Maƙwabtana a barandar ba ɓarayi ba ne. Akwai mai tura baro, akwai wani tsohon direba da ganinsa ya yi rauni.

Wata safiya, kafin masu shaguna su buɗe, motar hukumar birni ta tsaya a kanmu, aka kwashe mu da kwalayenmu zuwa ƙaramar kotun birni. Ban taɓa shiga kotu ba. Na ɗauka za a zauna a saurari mutum. Ashe layi ake yi kamar na allurar rigakafi. Benci ne dogaye, da wata fanka a sama tana kukan neman taimako, ina jin ciwonta amma ba wanda ya tambaye ni. Mai gabatar da ƙara yana karantawa bai ko ɗaga kai ba: wannan ya kwana a baranda, wancan ya yi fitsari a jikin katanga, wata baiwar Allah ta shanya wanki a kan shingen titi. Tsohon direban nan, wanda ya saba zuwa, ya raɗa mini cewa wanda ya amsa laifi yau zai fita, wanda ya musa a mayar da shi ciki sai wani zama. Na amsa tun kafin a gama karanta nawa.

Da alƙali ya tambayi adireshina, sai bakin nan ya sake tashi. Na ce adireshina yana nan daram, sai dai yanzu manyan motoci ke bi ta tsakiyar ɗakin. 'Yan benci suka yi dariya, alƙali bai yi ba. Aka yanke mini tara, na ce aljihun ma an rushe shi tare da ginin. Sai aka mayar da ita sharar titi ta wasu makonni, aka ba ni tsintsiya mai dogon hannu da riga ruwan goro mai tambarin birni a baya. Buhuna kuwa aka riƙe, wai kaya ne da suka tare hanya. An ce ranar da zan koma in zo da wani mai tsayayyen adireshi, ya tsaya gaban alƙali ya shaida a gidansa nake kwana, sannan a rufe magana a ba ni kayana. In kuma aka sake tsintata a baranda, sai gidan yari.

Duk wannan da sauƙi, Malama. Ga inda na ɓata.

Ina cikin shara a bakin wani babban titi, sai ga uwar yara ta sauko daga bas da auta a goye, daga asibiti suke. Muka haɗa ido. Na ji kamar in shige cikin kwandon sharar in rufe kaina. Kafin kaina ya yi tunani, bakina ya riga ya ce ai albishir nake ɓoye mata, hukumar tsaftar birni ce ta ɗauke ni aiki. Na so in ce wasa nake, wallahi na so. Amma na ga fuskarta. Tun da aka rushe ɗakinmu ban ga haƙoranta ba sai ranar. Ta tsaya a gefen titi tana hawaye tana godiya ga Allah, ni kuma ina riƙe da tsintsiya ina cewa amin.

Yanzu kusan kullum sai ta kawo mini abinci a kula. Tana rusunawa ta gaida jami'in da ke lura da mu, tana yi masa godiyar ɗaukar mijinta aiki. Bawan Allah ya kalle ni, na kalli ƙasa, ya ce mata babu komai. Har yau bai tona ni ba, kuma shirun nasa ya fi zagi ciwo. Ranar hutu ta karɓi rigar ta wanke, ta goge ta da dutsen gugar da ni na gyara da hannuna, har da karin hannu. Ba na jin an taɓa yin mai laifi a birnin nan da ya kai ni tsaf.

Yayanta ma ya miƙo mini hannu muka gaisa, abin da bai saba ba, kamar mai cewa ashe dai akwai sauran amfani a simintin. Uwar yara kuma ta faɗa wa matar gidan cewa da albashi ya fara shigowa za mu nemi ɗaki mu rage musu cunkoso. Har ta fara ɗaure kwanuka a zani.

Wadda ta fi damuna ita ce babbar 'yata, 'yar sakandare. Tun tana ƙarama ita ce mai fara dariya in na yi barkwanci, ko da kuwa bai yi daɗi ba. Rannan ta tambaye ni me ya sa masu sharar da ke wucewa ta gaban makarantarsu koriyar riga suke sawa, tawa kuma ruwan goro. Na ce ai tamu ta manyan ma'aikata ce, koriya sai ƙanana. Ƙannenta suka yi tsalle. Ita kuwa ta ɗauki kwanon da na ci abinci ta fita. Tun ranar ban sake jin dariyarta ba. In na zo ta gaishe ni da ladabi, ta kawo ruwa, ta ɓace.

Kwana kuwa, yanzu a zaune nake yi. Wata rana a bencin tasha kamar mai jiran motar farko, wata rana a harabar asibiti kamar mai jinya. Na ƙware har masu gadi suna tambayata ya mai jiki.

Ranar komawa kotu tana matsowa, rigar ma karɓe ta za a yi. Mai adireshin da nake da shi a duniya shi ne yayan matata. A bakin kotun akwai wasu mutane da ke zama a ƙarƙashin bishiya, in ka sallame su sai su shiga su rantse kai ɗan ɗakinsu ne tun kana goye. Ina tunanin in ɗauki ɗaya daga cikinsu, in karɓo buhuna, daga baya in ce wa iyali an yi ragin ma'aikata. Ko ya kika gani? Ni dai na fi son a ce an kore ni daga aikin da ban taɓa samu ba, da in tsaya gaban matata da 'yata in ce musu rigar da suke gogewa ta masu laifi ce.

Naki,
Babban Ma'aikaci Mai Tsintsiya

*

Malam Mai Tsintsiya, amin wa alaika salam.

Na yi dariya a wurare da dama cikin wasiƙarka, kuma na lura duk inda ka fi ba da dariya nan ne ya fi maka ciwo. Don haka ka bar barkwancin a nan wurina, mu yi magana.

Abin da ya kai ka kotu ba abin kunya ba ne. Ba ka yi sata ba, ba ka cuci kowa ba, barci ka yi a inda ka samu. Masu shaguna suna da hakkin su tarar da ƙofarsu a share, hukuma ma dole ta kula da titi. Amma kotun da ke neman adireshi a wurin wanda aka kama saboda ba shi da adireshi, ta ɗora masa nauyi mai yawa, kuma ba kai kaɗai take yi wa haka ba. Sai dai kai ka fi tsohon direban nan sa'a nesa ba kusa ba. An ba ka ɗaki, kai ka ƙi shi don kada a ga gazawarka. Wannan gefen naka ne, ka karɓe shi.

Mutanen ƙarƙashin bishiya, ka fita harkarsu. Yanzu ƙaramin laifi ke kanka, wanda tsintsiya ke gogewa. Shaidar ƙarya a gaban alƙali wani abu ne daban, in ta tonu ba shara za a ba ka ba. Ko ta yi nasara, ka koma bencin tasha kana jiran motar hukuma ta biyu.

Matarka za ka fara faɗa wa, ku biyu kaɗai, ba a bakin titi ba, kuma kafin ta ƙara ɗaure wani kwano. Ka faɗa mata daga baranda har zuwa rigar, ba tare da ka nemi ta yi murmushi ba. Za ta ji zafi, kuma tana da gaskiya, domin ta ɗauki maganarka ta kai gaban danginta, ta rusuna ta yi godiya a kan abin da babu. Kada ka hana ta fushinta. Ina kyautata zaton abin da zai fi sa ta kuka shi ne jin cewa tana kwance a ɗaki kai kana kwana a zaune.

Bayan nan ka je wurin yayanta da ƙafarka, kada ka tura ta. Ka roƙi ɗakin fentin, ka kwana a ciki tun kafin ranar kotu, yadda in ya tsaya gaban alƙali gaskiya zai faɗa. Wataƙila ya yi maka gori, ka haɗiye. Mutumin da ya riƙe maka mata da 'ya'ya uku bai yi kama da wanda zai bar ka ka tafi gidan yari ba.

Ka leƙa ofishin magatakardan kotun ka tambayi ainihin abin da ake so mai shaidar ya zo da shi, ka kuma tambaya ko akwai lauyoyin da ke taimaka wa marasa hali kyauta. Kada ka yi fashin shara, kada ka kuskure ranar zama. Jami'in nan mai rufin asiri, ka roƙe shi ya shaida ka yi aikinka yadda ya kamata.

Sai 'yarka. Ina ganin ta sani. Yarinyar da ta lura da bambancin launi ba za ta rasa wanda za ta tambaya ba. Shirunta ba raini ba ne, asirinka take riƙe maka ita kaɗai, tana kallon mahaifiyarta na guga ba ta da ikon cewa komai. Wannan kaya ya fi ƙarfin shekarunta, kai ne za ka sauke mata shi. Ka zaunar da ita ka faɗa mata da bakinka, ka ba ta haƙuri. Dariyar za ta dawo, amma sai ta tabbata in babanta ya yi magana tana iya bambance wasa da gaskiya.

Allah Ya rufa asiri, Ya mayar maka da buhunka lafiya, Ya buɗa maka wani shagon. Ka gaida uwar yara, kuma a wannan makon kai za ka wanke rigar da kanka.