Wadda ke Bayan Labule

Umdurman, gidan Aminat a Umbadda
Ranar Litinin

Zuwa ga maigidana Malam Audi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da duk wanda ke cikin gidan. Yaya ƙafar? Kana shafa man da na bar maka a kan taga, ko ka manta da shi tun ranar da na fita? Yaya tsintar auduga a hawasha, gonar tamu, an samu hannu?

Na zaɓi in rubuto maimakon waya don ka san kunnenka. In na kira ka sai na ɗaga murya har maƙwabtan ƙanwata Aminat sun san abin da ke cikinmu. Bilyamin direba zai miƙo maka ita in ya sauke fasinja a Makwar.

Na iso lafiya, Mazin ya tarye ni a tasha. Malam, autanmu ya rame. Ya rungume ni yana dariya, amma ƙasusuwan kafaɗarsa na ji a hannuna. Ina zaton gidansa za mu wuce in ga matarsa Intisar da cikinta, tun da don haka na zo, sai ya ce wa mai raksha, keken nan mai ƙafa uku, ya kai mu Umbadda. Wai ana yi musu fenti, ita kuma ta tafi Madani wurin uwarta saboda warin yana tayar mata da zuciya. Daddawa da kuka da man shanu da zannuwan goyon da na kawo mata suna nan ƙarƙashin gadon Aminat.

Tun daga ranar, kullum yakan zo ya ɗauke ni wai ya nuna mini abincin birni. Aminat ta dafa, ya ce a'a, sai mat'am, irin ƙananan ɗakunan cin abincin nan na cikin unguwa. Ni da ban taɓa kai loma baki a inda maza ke wucewa ba! Farko wurin wani dattijo mai ful, dafaffen waken nan, muka je, kusa da kasuwa. Ya dame waken da gindin kwalba, ya kwarara man riɗi, ya barbaɗa cuku. Ba laifi, ya yi daɗi. Washegari kifi a bakin kogi, an soya shi har ƙayar tana taunuwa, ga barkono da lemun tsami. Jiya kuma wurin masu agashe, mutanenmu ne, mai wurin ma da Hausa ya gaishe ni, ya ce kakansa daga wajen Dindir yake. Ƙulinsa bai kai na ƙaninka ba, kana iya gaya masa.

To ga abin da ya tsaya mini. Duk inda muka shiga an san shi. Ba sanin mai saye ba, sanin suna da suna, har da raha. Mai agashen nan ya tambaye shi, "Ya ka ƙare da maganar gawayi?" Sai Mazin ya dube ni, ya hau tambayata ko in ƙara nama. Me ya haɗa muhandis, injiniya mai gyaran injin ban ruwa, da gawayi? Rigarsa warin albasa da hayaƙi take. Akwai ƙuna a wuyan hannunsa, ya ce inji ne. Ni na san ƙunar bakin tukunya, ina da irinta.

Abin da zuciyata ke raya mini shi ne babu mai dafa masa a gida, kuma ba tun jiya ba. Ina tsoron wani abu ya shiga tsakaninsa da yarinyar nan yana ɓoye mana. Kada ka gaya wa kowa tukuna.

Ka gaishe da 'yarmu Khadijat da yaranta, ka ce ta kula da kajina. Allah ya bar mu tare.

Matarka,
Rabi'atu

*

Umbadda
Ranar Asabar

Maigidana Malam Audi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar kewa, ina tambayar lafiyarka da ta mutanen gida da na hawasha. Bilyamin ya kawo mini saƙonka na baki, cewa in bar yaro ya yi aikinsa, muhandis ba shi da lokacin tsegumin mata. Na ji. Amma karanta wannan tukuna, sannan ka sake aiko shi.

Ranar Laraba ya zo da wata irin fuska, ya yi aski, ya sa farar riga. Ya ce yau wani wuri zai kai ni a Fitihab, sabo ne, yana so in faɗa masa gaskiyar yadda na ji abincinsu. Lungu ne, raksha ma da ƙyar ta shiga. Ɗaki ɗaya, 'yan tebura, bango an shafa masa farar ƙasa, masu ci duk direbobin raksha ne da leburori. A ƙuryar ɗakin akwai ƙofa da labule, daga bayansa ake jin ƙarar ana yin kisra, gurasar dawar nan mai sirantaka.

Malam, ɗanka bai zauna kamar baƙo ba. Shi ya share teburin. Bai tambayi kowa inda butar wanke hannu take ba, ya miƙa hannu ya ɗauko ta. Sannan ya ɗaga labulen nan ya shige kamar ɗakin uwarsa. Na kasa kunne. Muryar mace na ji, ƙasa-ƙasa, shi kuma ya yi wata dariya da ban ji ya yi ta ba tun zuwana. Da zai fito, hannu ya biyo shi da kwanon barkono, hannu mai lalle, ya koma da sauri.

Nan take komai ya haɗu a kaina. Matarsa da tsohon ciki an tura ta Madani, shi kuma ga inda yake yini, ga wadda ta sa rigarsa warin hayaƙi. Har ya samu ƙarfin halin kawo ni in ci daga hannunta, in sa albarka ban sani ba.

Ya aje kisra da miyar busasshiyar kuɓewa da nama. Ya zuba mini ido, ya ce, "Inna, ya kika ji?"

Zan gaya maka gaskiya, kisrar ta yi laushi yadda ake so, miyar ce kawai ta ɗan yi ruwa. Amma ba da Hausa na amsa masa ba. Na juya harshe zuwa Larabci, na ɗaga murya yadda zai ratsa labulen. Na ce wannan ba miya ba ce, ruwan wankin kwano ne. Na ce wadda ta dafa ba ta tashi a gaban uwa ba. Na ƙara da cewa 'yar mutunci a ɗakinta take dafa wa mijinta, ba ta zama a lungu tana ciyar da mazan mutane.

Ƙarar da ke bayan labule ta tsaya cak. Direbobin suka sunkuyar da kai. Mazin ya wanke hannunsa da bai taɓa abincin da shi ba, ya kai ni gida. A raksha na ga yana share ido, ya ce iska ce.

Na sa an kira mini lambar Intisar, tana shiga ba a ɗauka. Jiya ya zo ya kai ni wurin masu soyayyen nama, ni da shi kamar waɗanda suka haɗu a asibiti. Na tambaye shi kai tsaye yaushe fentin nan zai bushe. Ya ce, "Inna, ki ba ni lokaci." Naman ko taunuwa bai yi mini ba.

Aminat ta ce ta riƙe hanyar daga kwatancen da na yi mata. Gobe za mu je da kanmu, ba tare da shi ba, in ga fuskar mai hannun nan. Kada ka kira uban Intisar. Bari in san abin da za mu faɗa masa tukuna.

Ka sa ni a addu'a, zuciyata ba ta kwance.

Taka har kullum,
Rabi'atu

*

Fitihab
Ranar Talata

Zuwa ga Malam Audi, uban 'ya'yana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ƙafar ta yi sauƙi, audugar ta shiga buhu. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba, kuma kada ka ba kowa ya taya ka karantawa.

Mun je da hantsi, kafin masu ci su taru. Aminat ta tsaya a ƙofa. Ni kuwa ban yi sallama ba, na yaye labulen nan da ƙarfi, bakina cike da maganar da na kwana ina shiryawa.

Intisar ce, Malam.

Tana zaune a 'yar kujera gaban kaskon kisra, cikinta ya kai gwiwa, ƙafafunta sun kumbura, gumi ya jiƙe mata ɗankwali. Hayaƙi ya cika wurin. A bayanta akwai wata ƙofa a buɗe, na hango katifa a ƙasa da akwatin aurenta, wanda ni da kaina na raka daga Madani.

Ta ɗago ta gan ni. Ta yi yunƙurin tashi, ta kasa. Ka san Hausarta ba ta da yawa, a Larabci ta tashi, amma da Hausa ta yi mini magana, kalma-kalma. Ta ce, "Sannu da zuwa, Inna. Yau na rage ruwa. Ki ɗanɗana."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na kama ƙafafun nan nata na ɗora a cinyata. Ita ce ma take ba ni haƙuri, wai ba laifina ba ne, ban sani ba. Ta ce ranar Laraba ta so ta fito ta gaishe ni, sun shirya da Mazin cewa in na yaba abincin zai kira ta. Da ta ji abin da na ce, sai ta fasa fitowa.

Ana cikin haka ya shigo da buhun gawayi a kafaɗa. Ya gan mu, ya sauke shi a hankali, ya tsuguna a bakin ƙofa kamar yadda yake yi yana yaro in ya yi ɓarna.

Ga yadda abin yake. Kamfanin da yake wa aiki ya rufe tun kafin damina. Ya zaga neman wani bai samu ba. Suka bar gidan da suke haya, suka kama wannan ɗaki, gaba na masu ci, baya nasu. Ita ta kawo shawarar, ita ke dafawa, shi ke cefane da wanke-wanke da kai wa mutane. Masu ful da masu agashen da ya yi ta kai ni wurinsu, su suka koya masa inda ake samun kaya da yadda ake riƙe mai saye. Ya ce ya fara da su ne don in ga da idona cewa mutanen kirki ne ke wannan sana'a, ko zan ce wata kalma mai daɗi da zai ɗauka ya kawo maka.

Na tambaye shi me ya hana shi faɗa tun farko. Ya ce, "Inna, Baba ba ya kirana Mazin a gaban mutane. Muhandis yake ce mini."

Gaskiya ya faɗa. Amma na yi masa faɗa, faɗa sosai, ba kan aikin ba. Kan yarinyar mutane da ya bari cikin hayaƙi da ciki wata takwas don yana tsoron bakin ubansa. Ya karɓa, bai musa ba.

Na kwaso kayana daga gidan Aminat. Tun shekaranjiya ni ke gaban tukunya, Intisar tana kwance a ciki da ƙafa a kan matashi, tana gaya mini wanda ba ya son barkono da wanda sai an ƙara masa kisra. Direbobin da suka ji abin da na faɗa ranar nan sun gane ni. Ɗaya ya leƙo ya ce, "Hajja, yau ma ruwan wankin kwano ne?" Na ce ya zauna ya ci ya yi shiru. Ya ci, ya nemi ƙari. Ba zan dawo ba sai ta haihu ta yi arba'in. Khadijat ta ci gaba da dafa maka.

Yanzu saura kai. Mazin ya ce ba zai bari ka ji a bakin wani ba, zai biyo Bilyamin ranar Alhamis ya faɗa maka da kansa. Bai san na rubuto ba. Na riga shi ne da gangan, don na san ka. Na san abin da ka sayar ka kai shi jami'a, na san abin da kake faɗa wa abokanka in kun zauna shan jabana, gahawar nan taku, bayan la'asar, kuma na san zai yi maka zafi. To ka ɗauki fushinka ka kai shi hawasha. Ka yi shi a bakin tur'a, magudanar ban ruwa, inda ba mai jinka sai ruwa, ka yi shi har ya ƙare. Ni na yi nawa a gaban mutane, na ga abin da ya jawo, ba na so ka ɗanɗana irinsa.

In ya shigo zaure zai tsuguna a bakin ƙofa, ba zai iya dubanka ba. Ka kira shi da sunan da ka raɗa masa, ka ce ya matso kan tabarma.

Intisar tana gaishe ka, ta ce ka yi mata addu'ar sauka lafiya. Aminat ma tana gaisuwa. Ka gaishe da duk mai tambayata. Allah ya sanyaya maka zuciya, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Matarka mai kewarka,
Rabi'atu