Karenka ya bi mafarauta

Baban yara,

Na tafi duba Inna, ban tashe ka ba don na ga ka gaji.

Da safe mafarauta sun sake tsallako shingenmu, sun tattake mana wake. Na saki karen nan da ka sayo don ya kore su. Wallahi da gudu ya nufe su, har na ce yau za su gane kurensu. Yana isa ya kaɗa musu wutsiya, ya shige gaba yana nuna musu hanya.

Ɗazu maƙwabcinmu mai injin ban-ruwa ya dawo da shi, ashe da shi aka shigo. Ya miƙo min cinyar zomo, ya ce, "Ga kason karenku, shi ya kama." Wai da yamma zai zo neman aronsa.

Don Allah kada ka ɗaga masa murya, injinsa ke shayar da lambunmu. Ka ce in za su riƙa bi ta bayan shinge, ka ba su aron.

Kuma ka cire allon nan na "Hattara da mugun kare". Da ya karanta shi, sai da ya dafa bango don dariya.