Jirgin da Ban Ɗaga Kai Na Kalla Ba

Zuwa ga yaron nan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji a makwancinka. Mu nan Bunkure lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Shinkafarmu ta bakin kanal ta fitar da kai, tsuntsayen jan-baki sun fara sauka, mahaifiyarka kuma ta gaji da ni.

Ɗan jirgin saman nan da ka ƙera ne ya haɗa ni da ita. Bayan sadakar arba'in ɗinka na sauko da shi daga kan sif, wai in goge shi in mayar. Yau wata biyar ke nan ban mayar ba. Na kasa zama wuri ɗaya. Ina cikin cin tuwo sai in ga manyan yatsuna suna motsi kamar suna kan rimot. In iska ta kaɗa ganyen darbejiya sai in miƙe in duba daga ina ta taso. Ni da na yi shekara talatin ina hana 'yan firamare wasa a aji, yau ni ne ke yawo a gona da jirgin wasa a hammata.

Kai ne ɗan fari, ka kuwa san yadda muka tarar da abin. Uba ba ya kama sunan ɗan farinsa, ba ya yabonsa a gaban mutane. Shekara ashirin da shida kana "yaron nan" a bakina, ban taɓa jin na rage ka da komai ba.

Ka tuna ranar da ka fara tayar da shi a kan shinkafa don ya kori tsuntsaye? Masu jan igiyar gwangwani suka saki igiya, masu babur suka tsaya a kan hanya, kowa ya ɗaga kai. Ni kaɗai na sunkuya ina gyaran fangalin da ba abin da ya same shi. Ka matso kusa da ni ka ce, "Baba, ɗaga kai sau ɗaya mana ka gani." Na ce maka ruwa zai wuce ni. Wallahi ƙarya na yi, ranar ba ma mu ke da layin ban-ruwa ba. Ina jin ƙararsa a samana, ƙirjina ya cika fal, amma wuyana ya ƙi.

To, ga abin da na yi wa jirgin naka. Jefawar farko na bi bayan iska, ya tafi kai tsaye ya soka hanci a tumatirin maƙwabcinmu Malam Iliya. Sai daga baya na buɗe littafinka na ga ka rubuta a shafin farko cewa a jefa shi yana fuskantar iska. Malamin makaranta guda, bai karanta shafin farko ba! Na ɗinke hancin da tsinken tsire da gam. Mako na biyu jela ta tafi, na yanka wata daga farin abin nan da ake tokare firji da shi a kwali. Farfela kam na daina ƙirga waɗanda na karya.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne in ya juyo yana fuskantata. Sai dama ta koma hagu, hagu ta koma dama, in kauce wa bishiya in kai shi cikinta da hannuna.

Yanzu a jikinsa ba abin da ya rage na aikin hannunka sai fiffike. A ƙarƙashinsa akwai ɗigo biyu na biro, inda ake ɗora shi a kan yatsu a ga ko hanci da jela sun daidaita. Kusa da ɗigon hagu akwai shaidar babban yatsanka, ta bushe a cikin gam. Kullum kafin in jefa shi sai na ɗora yatsana a wurin. Mahaifiyarka ta ce in rataye shi a bango tun kafin in ƙarasa shi, ta ce shi ke nan abin da ya rage mata. Gaskiyarta ce, ina kuma jin tsoro. Amma ba a bango ka ce in kalle shi ba.

Jiya da hantsi na fita. Iska kaɗan ce, daga gabas. Na jefa, ya tashi, bai faɗo ba. Ya zagaya gonar sau ɗaya, sau biyu, jan-baki suka tashi duhu guda suka yi wajen Kadawa. Daga nan ya miƙe ya nufi babban kanal, yana ta ƙanƙancewa, yatsuna kuma suka sandare. Na ga fiffiken nan zai tafi cikin ruwa ina tsaye. Ban san lokacin da na buɗe baki ba. Na ƙwala ihu, "Nasiru! Nasiru, dawo!"

A gaban Malam Iliya, a gaban masu korar tsuntsu, a gaban kowa.

Ihun ne ya sake mini yatsu. Na tuna dabarar da ka rubuta, na juya kafaɗata inda hancinsa ya nufa ina kallonsa ta gefe, na karkato shi a hankali. Ya sauka a cikin taɓo, taya ɗaya ta cire, fiffike bai ko tsage ba. Malam Iliya ya sunkuya yana duba tumatirinsa kamar bai ji komai ba, Allah ya saka masa.

Labari ya riga ni isa gida. Da safen nan dai na tarar mahaifiyarka ta wanke taɓon fiffiken tas, ta jingine jirgin a bakin ƙofa kusa da takalmana.

Na gani, ɗana. Yana da kyau ƙwarai. Kai ma ka iya, tun ranar na san ka iya. Wuyana har yanzu ciwo yake don kallon sama, ba na kuma so ya daina.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya yafe mini sunkuyon da na yi. In namu ya zo, Allah ya sa mu cika da imani, ya haɗa fuskokinmu a Aljanna in kira ka da bakina ka amsa.

Ni ne mahaifinka,
Baban Nasiru