Baba Ya Buɗe Littafina Ta Dama

Zuwa ga Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya zafin Ikko, ina su Yaya Binta da yara? Mu nan Malumfashi lafiya lau, mun gama cirar auduga.

Littafin hotunan da ka aiko ya iso, na jarumin nan mai jar alkyabba da ke tashi sama. Sau biyar na karanta shi. Wurin da ya tare jirgin ƙasa da hannu ɗaya, wallahi har tsalle na yi.

Amma saura kaɗan in rasa shi. Ran Juma'a Baba ya tsince shi, ya buɗe ta dama yadda yake buɗe littattafansa na Larabci, wato daga ƙarshen labari. Ya kira ni ransa a ɓace, ya ce, "Wane irin azzalumi ne wannan? Ya fito da ɓarayi daga kurkuku, sannan ya ɗauki tsohuwa ya kai ta cikin gobara." Har ya ce Inna ta sa shi a murhu.

Na durƙusa na ba shi haƙuri, na juya littafin, muka bi daga hagu ina fassarawa. Da aka fito da tsohuwar, sai ya ce, "Ashe yaron kirki ne."

Yanzu littafin yana akwatinsa, sai dai in ara. Don Allah ka ƙaro wani.

A gaida kowa, a sa mu a addu'a. Baba ya ce in tambaye ka, wai tsohuwar ba ta da 'ya'ya ne? Bai ga wanda ya je yi wa yaron godiya ba.

Ƙaninka,
Lawal