Tambayar da mijina ya yi wa Baba ranar sadakar uku

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma masu jiran ƙiris su rubuta "ya kafirta" su wuce, ku riƙe abinku, na ji ta a gida har ta ishe ni.

Mijina ma'aikacin lab ne a jami'a can Gubi, muna zaune a Inkil. Mutum ne mai shegen bin diddigi, ko cewa na yi gishiri ya ji a miya sai ya ce da me na auna. Bara mahaifiyarsa ta kwanta ciwon ƙoda, Babana da yake malami ne a Ƙofar Dumi ya tara ɗalibansa aka yi mata sauka, ta samu sauƙi har ta koma tuyar ƙosanta, Baba ya ce Allah ya karɓi addu'a. Bana ciwon ya dawo, aka sake saukar, ta rasu. Ranar sadakar uku ana zaune a kan tabarma, Baba ya dafa mijina ya ce wannan karon ma an karɓa, an zaɓa mata mafi alheri ne.

Gogan naku maimakon ya ce amin ya ja bakinsa kamar kowa, sai ya tambayi Baba a gaban jama'a, wai in ta tashi an karɓa, in ta mutu an karɓa, to me zai faru a ce ba a karɓa ba? Wai in babu, to shi bai san me ake faɗa masa ba. Baba ya ce masa Allah ba jinin lab ba ne da za a ɗiba a gwada, ya kakkaɓe rigarsa ya tafi. Kafin la'asar ya turo yayana da keke aka kwaso ni.

Yanzu Baba ya ce babu aure sai mijina ya tsaya a masallacin unguwa ya sabunta shahada kowa na ji. Shi kuma a waya ya rantse min ba zai yi ba, wai bai fita ba balle ya sake shiga, tambaya kawai ya yi. Ni shaida ce bai taɓa barin salla ba, da hannunsa ya saka uwarsa a kabari yana kuka yana yi mata addu'a.

Wallahi haushin kowa nake ji. Haushinsa, don ya rasa inda zai kai iyayinsa sai kan surukinsa a gaban ɗalibai. Haushin Baba, don mutumin da ƙasar kabarin uwarsa ba ta bushe ba, ai rarrashi ake masa ba fatawa ba. Sai matan gidanmu masu leƙo ni suna "Allah ya raba ki da ƙaya", ko ma'anar tambayar ba su gane ba. Ni na gane ta, amsar ce ba ni da ita, kuma duk wanda na tambaya sai ya ce in yi istigfari.

Baba ya ba shi zuwa Juma'a. In bai zo ba, in zauna, ko in ɗauki mayafina in koma ɗakina Baba ya yi fushi da ni? Masu ilimi ku faɗa min, tambaya tana kashe aure? Kuma don girman Allah kar wanda ya rubuta min duk yadda ta kasance alheri ne. Ni dai mijina nake so, in na rasa shi na rasa.