Karan Awon Babanmu

Litinin, 7 ga Oktoba 2024
Ɗiyata Ummu Hani ta zo daga Gwadangaji. Ta iske ni ina saƙar homa, ta ɗauke ni hoto ba ta tambaya ba. Wai za ta sa a Fesbuk mutane su saya. Nic ce mata shekara hamsin ina saƙar ragar kamun kifi nan Argungu, wanda yas san hanyar gidana shi ka saye. Tac ce, "Baba, su nawa sunka zo bana?" Nic ci gaba da saƙata. Ukku ne.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Ummu Hani ta kira tana dariya. Wata ƙungiyar masunta ta Yawuri ta ga hoton, suna son homa arba'in kafin ƙarshen wata, duka iri ɗaya. Arba'in! Ni da idona ɗaya ya fara hazo. In na kasa, sai su koma ga ragar kamfani, ni ko in naɗe zarena.

Jumu'a, 11 ga Oktoba
Ta dawo, ta bar mini tsohuwar wayarta. Ta haɗa mu zaure guda a Wasaf, ni da Ikrima da Mujtaba, masaƙan garin Gulma, a raba aikin. Wai danna nan ka yi magana, saki ta tafi. Sai nij ji tac ce har da Kalilu. Ƙanena. Wanda yat tsaya tsakiyar kasuwa shekara bakwai da sunka wuce yac ce saƙar hannu ta mutu, yak koma Badariya saida ragar roba. Tun rannan ban yi mishi magana ba. Nic ce a cire shi. Tac ce ita ba ta iya cirewa ba. Ƙarya take, na san ɗiyata.

Asabar, 12 ga Oktoba
Na faɗa ma wayar: idon raga yatsa biyu, kowa goma. Ikrima da Mujtaba kaɗai sunka amsa. Hakan ya fi.

Jumu'a, 18 ga Oktoba
Yau raina ya ɓaci. Sun turo hotuna. Ta Ikrima ido ƙanana, ko ƙwaro ba ya fita. Ta Mujtaba kuwa jaki ya wuce. Na yi faɗa sosai cikin wayar. Mujtaba yac ce, "Baba Tamba, yatsa biyu kac ce, ba ka ce yatsan wa ba. Naka awa rogo suke, na Ikrima awa tsinken tsire." Kowa dariya. Kwana shidda sun tafi banza. Laifina ne, amma a nan kaɗai zan rubuta.

Asabar, 19 ga Oktoba
Kalilu ya sa hoto. Homa ukku, daidai da nawa, kai ka ce ni na saƙa. Gefensu ga guntun karan gora, ya yi baƙi don tsufa. Na gane shi. Babanmu yaf fere kara guda yar raba biyu, rabi nawa rabi nashi, don idon ragarmu ya zo ɗaya. Nawa yana aljihuna. Na ɗauka nashi ya daɗe cikin murhu.
Sannan murya: "Yaya, kak ka damu. Na fere ma Ikrima da Mujtaba irinshi, na ba direban Argungu."
Muryarshi ta tsufa. Shina tari.

Talata, 22 ga Oktoba
Na saurari muryar Kalilu sau tara. Don in tabbatar da zancen direban ne kawai.

Lahadi, 27 ga Oktoba
Talatin da ɗaya, duka ido ɗaya. Wasu mutanen Jega ma sun tambaya. Ummu Hani tac ce in gode ma Kalilu. Nic ce ai aikin ubanshi yay yi.

Alhamis, 31 ga Oktoba
Arba'in sun cika, mota ta kwashe da hantsi. Kafin a loda, na duba na Kalilu ɗaya bayan ɗaya ina neman aibu. Ƙullin bakin ragarshi har yau shina karkata hagu, yadda yake tun muna yara. Na danna wayar, ba cikin zaure ba, zuwa gare shi shi kaɗai. Nic ce ƙullinka bai gyaru ba, ka zo Jumu'a in nuna ma, kuma ka sha wani abu don tarin nan.
Gyaran aiki ne kawai. Na dai sa a sayo fura ta mutum biyu.